Ƙullin Goma

Aji uku, Rafindaɗi, Talata bayan an dawo tara.
Yara tamanin da ɗaya, benci goma sha biyu,
sauran a ƙasa, gwiwa ta zama tebur.
Na rubuta da guntun alli:
arba'in da uku, a ɗebe goma sha bakwai.

Na faɗa yadda aka faɗa mini ina yaro:
bakwai ba ta fita daga uku,
sai mu leƙa gidan maƙwabci mu aro ɗaya.
Aji ya ɗauka baki ɗaya, mu aro ɗaya!
har tsattsewar da ke cikin rufi ta tashi.

Sada bai amsa ba.
Mako uku yana kawo mini talatin da huɗu.
Sai ya juya lambobin, ya cire uku daga bakwai,
ya ja layi biyu a ƙasa har fensir ya huda takarda.
Mako uku ina zana masa ƙwai da jan biro,
Turai na leƙe tana danne dariya.
Har na fara cewa a zuci, wannan kai ba na lissafi ba ne.
Allah ya yafe mini.

Da aka tashi na tsayar da shi a gindin bedi.
Na ce, Sada, me ya hana ka aro?
Ya daɗe yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa.
Ya ce, Malam, mu gidanmu an daina.
Ran da aka zo da a-kori-kura aka ɗauke keken ɗinki,
Baba ya tara mu ya ce ko gishiri ne kar wanda ya aro.
Kuma kai ba ka taɓa nuna mana inda ake biya ba.

Shekara goma sha tara ina cin bashi a allo
ban taɓa mayarwa ba,
sai yau aka tambaye ni.

Da dare na kwance tsintsiyar gida,
na karya tsinke, na ɗaure goma-goma da zare.
Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce,
ita ma an sa ta boko ke nan?

Laraba na zuba masa a tafi:
ƙulli huɗu, da tsinke uku a warwatse.
Na ce, nawa ne?
Ya ƙirga, leɓe na motsi: arba'in da uku.
Na ce, na wa ne?
Ya dube ni. Ya ce, nawa ne.
To ba ni goma sha bakwai.

Ya miƙo ƙulli ɗaya. Ya tsaya.
Ya dubi ukun, ya dubi hannuna da ke jira.
Ban ce komai ba, kuma shirun nan
ya fi duk wani darasi da na taɓa koyarwa wuya.
Can sai ya kai ƙulli baki, ya tsinke zaren da haƙori,
tsinke ya watse a kan cinyarsa, goma sha uku.
Ya ƙirgo bakwai ya ba ni.
Saura ƙulli biyu da shida.

Na ce, wa ka ci wa bashi?
Ya ce, ba kowa. Nawa na kwance.

Keken bai dawo ba, na tambaya.
Sada har yanzu yana tuntuɓe a sau bakwai.
Amma idan ka wuce ta bayan tagarmu da hantsi
za ka ji ana cewa, mu kwance ɗaya!
Mai duba makarantu ya ce ba haka yake a littafi ba,
na ce to, na ba shi kujera.

Akwai wata can kusa da ƙofa, Hadizatu Mani,
mai rubuta shida a madadin tara tun farkon zango.
Ita ma na yi mata ƙwai da yawa.
Gobe zan ajiye biron a aljihu
in tambaye ta tukuna.