Ƙoƙon Baba a Dabai

Kwana arba'in da rasuwar Baba
muka buɗe akwatinsa na ƙarfe.
Babu zinariya, babu takardar fili,
sai littafin bashi mai bangon takardar siminti
da sunayen mata goma sha ɗaya
waɗanda yake auna wa jar dawa.

Yaya ya ce, "Ka dai san abin da suke dafawa da ita."
Na ce na sani.
Ya ce, "To, kai ne ɗan boko, kai za ka je."

Na tashi babur daga Zuru da hantsi.
Tun ban hango rufin Dabai ba
hancina ya riga ni isa:
tsami, hayaƙin ɗanyen ice,
da wani ƙauri kamar na ƙanzo
da aka manta a murhu.

Gidan Tabita ne farko.
Ta shanya tsiron dawa a kan fa,
kowace ƙwaya da ɗan farin gemunta,
'yarta na korar kaji da kara.
Ba ta ce in zauna ba.
Ta zazzage gwangwanin madara,
muka ƙirga ɗari-ɗari masu laushin dafaffiyar rama,
ta ce in ja layi a sunanta tana gani.
Na ja.

A gidan Asabe tukwane shida ne a jere,
baƙaƙe wuluk, kowace sai ta haɗiye yaro.
Tana tuƙa muciya da hannu biyu
tana yi mini karatun da ban tambaya ba:
a jiƙa, a jira tsiro, a shanya, a niƙa,
a dafa, a bari ta kwana,
a sake dafawa, a tace,
sannan a ƙyale ta ta yi zance da kanta.
Na kai kunne bakin randa.
Wallahi zance take yi,
ƙus-ƙus, kamar masu gulma a bayan zana.
Na ja da baya ina a'uziyya,
dariya ta kusa jefa Asabe a wuta.
Kuɗi kuwa, sai ranar kasuwa.

Wata ta yi ƙaura, wata ta rasu,
wata ta kife tukwane ta koma tuyar ƙosai.
Maza a gindin ɗorawa suna miƙo ƙwarya,
ina dafe ƙirji.
Wani ya ce, "Ɗan Na'Allah ne, ku ƙyale shi."

Da la'asar sakaliya na kai ga sunan ƙarshe.
Rifkatu. Babu lissafi a gabansa.
Tsohuwa, ido ɗaya ya yi yana,
ta shafa kaina ta ce, "Kunnuwansa ne."
Ta nuna wani dutse da zama ya goge.
"Shekara talatin da ɗoriya, nan ne wurinsa.
Kullum sai ya ce in daina,
kullum sai in ce ya daina sayar mini,
sai mu koma hirar damina."

Jikarta ta sauko da ƙoƙo daga ragaya,
can nesa da sauran, naɗe cikin tsumma.
"Wannan bai san komai ba sai ruwan rijiya."

Na tambayi bashin.
Ta yi tsaki. "Shekarar da rumbunsa ya ƙone,
wa kake zaton ya ba shi jari?
Saura buhu biyu. Na ce na yafe.
Taurin kai ya hana shi sharewa."

Na sha ruwan, yana ɗanɗanon duma.
Na tambayi gabas, ta ce bayan rumbu,
akwai wurin da kaji ba sa zuwa.

Magariba ta riske ni a hanya,
riga ta sha hayaƙi da tsami,
kuɗin Tabita suna ƙuna a aljihu,
ina shirya tambayar da zan kai wa liman
da wadda zan kai wa Yaya.
Ƙoƙon kuwa ta hana ni.
Ta ce in na kawo buhunan
zan tarar da shi inda yake.