Yalon Baba Nomau

Haƙoran Baba sun tafi ɗaya bayan ɗaya,
kamar baƙin suna in la'asar ta yi.
Biyu suka rage, su ma ba sa ga maciji,
ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ba sa gamuwa.

Shi da ya shekara arba'in a fadamar Gulbi
yana ban ruwa tun kafin assalatu,
ya tsinki yalo, ya goge a hannun riga,
ya gartsa, ƙaras, har na gonar kusa su ji,
yau in na dawo kasuwa sai ya lalubi kwandona,
ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya mayar.
Ba ya cewa komi.
Ni ma ba na cewa.

Ran Talata na sayo manya, baƙaƙe, na Jiratawa,
irin da ƴan lakwal ke kira obarjin.
Uku dala sittin, bayan na gajiyar da mai su.
Na tsattsaga su da bakin wuƙa,
na kwantar bisa garwashi.
Fata ta kumbura, ta fashe, ta yi huci,
hayaƙi ya haura katanga.
Harira ta leƙo: "Ke Lantana, me ke ƙuna?"
Na ce abinci ne.
Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Na rufe su a kwano suka huce.
Ɓawo ya biyo yatsa ba gardama,
tsokar ta fito da laushi, tana hawayen ɗaci,
na bar ta a matsami ta gama kukanta.
Sai ƙaramin turmi:
tafarnuwa ƙwara biyu, gishiri,
ƙuli-ƙulin Mokoyo da na daka har ya manta taurinsa,
rabin lemun tsami,
man gyaɗa kuwa ban auna ba,
hannu ya san inda yake tsayawa.

Masu haƙora na yi musu kwaɗo,
farin yalo ɗanye, yanka sirara,
tumati, albasa, ganyen salati da na wanke sau uku
don yashin fadama ba ya jin magana.
Na aiki Sahabi Sabon Gari ya sayo dogon burodi biyu,
ya dawo ɗaya ba kai.
Ya rantse keke ne ya faɗi.

Gurasa ni na gasa a kasko.
Ta farko ta ƙone, kaji sun gode.
Ta biyu ta tashi, ta yi ciki, ta sauke numfashi,
na lulluɓe ta da zane don kada ta bushe.

Baba ya dubi kwanon, ya dube ni.
"Wannan fa? Faten jarirai?"
Na gutsuro gurasa, na dangwala, na sa masa a hannu,
na koma ina kwashe toka
kamar ba ruwana.

Shiru.
Shiru har na ji kiran magariba daga Bagalam.

"Wannan ba na Gulbi ba ne," ya ce.
"Ruwan inji ya sha, da takin Bature.
Namu ya fi shi ɗaci, ya fi shi hankali."
Ya sake dangwala.
"Ƙaro tonka."

Ya ci gurasarsa, ya ƙwaƙule cikin burodin yara,
ya bar musu ɓawo kamar kwalekwale,
ya suɗe kwano da yatsa har ƙarfe ya yi ƙara.

Da safe na tarar da shi tsugune bayan randa,
inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya,
yana tona ƙasa da tsinken kara.
Bai ɗago ba.
"Aika Sahabi wurin Mantau," ya ce,
"ya karɓo mini irin namu.
In za ki ƙona yalo, ki ƙona na ƙwarai."