Sassaƙe Ba Suna

Ranar sadakar arba'in aka buɗe ɗakinta.
Aka raba zannuwa, aka raba tasoshi,
ni rabona tsohon buhu mai ƙulli tara a ciki,
ba wanda ya yi jayayya da ni a kansa.

Goggo Tasalla ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.
Rumfarta na Kurmi, lungun da ke kallon Jakara.
Mata kan tsuguna, su gaishe ta har sau uku,
su tambayi rana, su tambayi ciniki,
kafin baki ya iya furta "mara".
Ita ko kai ba ta ɗagawa,
hannunta ya riga ya shiga buhu.

Kalgo ta san shi da jan cikinsa,
tsada da baurin da ke kama harshe,
wani kuma sai ta karya a kusa da kunne.
"Gefe ɗaya ake sassaƙa," in ji ta,
"in ka zagaye itace da wuƙa, ka gama da shi.
Mace ma haka."

Na tuna Barira ta Yakasai,
zani ya jiƙe, leɓe ya yi fari.
Goggo ta ɗaure bakin buhu,
ta fita titi ta tare adaidaita da kanta:
"Wannan jinin ya fi ƙarfin tukunya. Murtala, maza!"
Ranar ko sisi ba ta kawo gida ba.

Yau marar tawa ce ke murɗawa,
wata biyu da ɓari.
Na baza ƙulle-ƙullen a tabarma,
na sansana, na lasa, na karya a kunne,
duk itace ne a wurina.
Na bi sawunmu can bayan Ɗorayi,
inda nake riƙe mata ƙwarya ina ƙarama.
Bulo na tarar, da shagon cajin waya.

Likita ta rubuta ƙwayoyi, ina sha.
Sunansu na jikin kwali, har da ranar lalacewa.
Buhun na rataye a bayan ƙofa.
In an yi ruwan dare, danshi ya taɓa shi,
ɗaki sai ya cika da ita,
in tashi zaune cikin duhu:
Goggo, wanne ne?