Minti Tamanin da Bakwai

Shagona na bayan tashar Ƙaura Namoda:
kujeru huɗu, benci ɗaya mai ɗingishi,
da kwamfuta 'yar gwanjo
da na saya da kuɗin ragon da na yi wata biyar ina kiwo.

Yara kan biya ɗari su buga ƙwallo a gilashi.
Ran nan Sahabi na gaba da ci biyu,
Lawali ya ciji leɓe, yatsu na ta rawa,
minti tamanin da bakwai,
sai allon ya yi shuɗi
kamar an tsoma shi a marina.
Tsit.
Sai gurnanin janareto da tsakin yara goma.

Mai nasara ya ce a maido masa kuɗinsa.
Wanda ake ci ya ce ikon Allah ne.

Na kashe, na kunna, ta tashi garau
kamar yaron da ya hango allura ya warke.
Ana komawa fili ta sake faɗuwa.

Na kira Luba, ƙanwar maiɗakina,
mai karatun na'ura a kwaleji.
Ta ce, "Direba ne."
Baba Ɗan'ige mai shayi ya jiyo daga ƙofa,
ya ce shekara talatin yana faɗa,
direbobin tashar nan sai addu'a.

Ta ce ba irin wannan ba.
Tafinta ne tsakanin wasa da katin hoto,
in ya tsufa sai ya riƙa juya magana.

Na sayi data, na raba dare ina jira,
layin sauke kaya na jan ciki kamar jirgin da muka daina sauraro.
Na sallami tsoho, na ɗauki sabo.
Sabon ya fi shi rashin kunya,
ko fili bai bari an shiga ba.
Na koma na tsakiya.
Kwana biyu lafiya, har na fara fahariya.
Na uku ko shuɗin ba ta yi ba,
ɗif, ta mutu da ƙwallo a sama.

Na zare sandunan ƙwaƙwalwarta biyu,
na goge bakinsu, na mayar ɗaya bayan ɗaya,
yadda ake gwada ƙwai a ruwa a gane ruɓaɓɓe.
Duka biyu suka nutse.
Na zargi waya, na zargi janareto,
na zargi Lawali, don shi kaɗai mutuwar ke yi wa rana.

Sai na shiga rubutawa a bayan littafin bashi:
yaushe ta mutu, wane wasa, minti nawa.
Mako guda takarda ta yi magana:
ba ta mutuwa da hantsi,
sai bayan azahar, in kwano ya ɗau zafi.

Asabar Luba ta zo.
Ta dafa gefen akwatin, ta janye hannu,
ta ce, "Yaya, wannan ai tanda ce, a kawo ƙullun masa."
Ta kwance ƙusoshi huɗu.
Fanka na tsaye cik.
Tsakanin fikafikanta zanzaro ya yi gini,
ɗaki uku na jar laka, shafe sumul,
ya fi nawa kyan aiki.

Da tsinken tsire muka rushe shi.
Ta ɗiga sabon man sanyi, kamar ƙwayar dawa,
ta ɗaure, ta kunna.
Fanka ta juya.
Ban taɓa jin iska mai daɗin wannan ba.

Yau kwana tara ba ta faɗi ba.
Sahabi na bi na bashin minti uku,
ya ce ko a lahira sai an ƙarasa.

Na sa raga a bakin akwatin.
Amma kullum da la'asar mai gidan kan dawo,
da laka a baki,
ya zaga shagon, ya zaga,
ya sauka kan raga ya yi jim.
Ni da ke zaman haya
ba na iya kallonsa.