Anini Marar Huda

A rumfar cajin waya, ran kasuwar Gujungu,
Sagiru ya miƙo min gilashi har hanci:
"Kaka, satoshi dubu biyu da ɗari huɗu."
Na ce, ɗan gidan wa ne?

Wai kuɗi ne. Guda aka raba
gida miliyan ɗari,
kamar a sussuke damin gero
a ce ga rabonka, tsaba ɗaya.

Ni na riƙe anini da hudarsa,
na zura shi a zare, na ɗaura a ƙugu,
ya sayo min gishiri har da gyara.
Wannan fa, ina hudar?

Da hantsi ya ce sun kai kwanon dawa.
Muka gaisa da Tabawa mai daddawa,
muka yi azahar,
ya sake latsawa, ya ɓata rai:
kwanon ya ragu, ba ɓera, ba gara.

Na kwance bakin zane
na ƙirgo masa kuɗin mota.
Ya karɓa, wai in jira baɗi.
To. Akuyata ma baɗi za ta haihu,
ita kuwa ina jin kukanta.