Layi Goma

Tara ta wuce. Ofishin noma ba kowa
sai ni da tsakar da ke bayan kabad.
Duwatsun Birni suna amayo zafin da suka sha da rana,
fanka na juya shi a ɗaki kamar mai tuƙin tuwo.

Na buga lamba. Akwatin waya ya fara kukansa,
kukan ɗan akuyan da aka ɗaure nesa da uwa,
ya shaƙe, ya ja tsaki, ya yi tsit.
Yamai ta amsa.
Allon sanarwa ya buɗe, koren rubutu bisa duhu:
Barka da zuwa, Tankari.

Tankari kuwa yau kwanansa arba'in a ƙasa.

Damina shida shi ke aika lissafin ruwa,
na Mirya, na Dogo, na Takeita,
ina karanto masa daga littafi,
yana dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza a kan tsaba.
Da safe shugaba ya ce, Ɗayyaba,
gyara asusun nan, ki mai da shi naki.

Suna? in ji na'ura.
Na bi madannai ɗaya bayan ɗaya:
ga baƙi mai hula, ga mai wutsiya, duk na Faransa,
mai ƙugiya babu ko na rantsuwa.
A wurinta ƙasa da kasa duk ɗaya,
baƙi da baki uwarsu guda.
Na haƙura, na zama Dayyaba.
Baƙo ai ba ya zaɓen tabarma.

Tsohuwar kalmar sirri?
Tana nan ƙarƙashin tebur, da fensir, hannunsa mai rawa:
marka.
Mutumin da ya yi rayuwa yana ƙirga ɗigo
abin da ya ɓoye ke nan.
Sabuwa? Wannan kam ba zan faɗa ba.
Taurari shida suka tsaya a madadinta.

Faɗin allo: tamanin. Na bar shi.
Launi? A'a. Wannan gilashi kore kaɗai ya sani,
ya fi gonakinmu na bana ma.
A share allo kafin sabon shafi?
Shi ya ce kada a share.
Ni na ce a share, ba na son tarkace.

Sai tsawon shafi: goma.

Goma!
Allon da ke cin layi ashirin da huɗu.
Ashe ba layin Yamai ne mai nawa ba,
yadda yake faɗa yana zagin ƴan gidan waya.
Shi ya sa wa rubutu takunkumi,
ya tsaya kowane layi goma
har ya cire tabaraun nan mai ɗaurin zare,
ya goge da bakin riga,
ya matso da hanci.
Yanar ido ce, bai taɓa cewa ba.
Ni ko ina tsaye a kansa ina kaɗa ƙafa,
ina ƙirga mintocin da kuɗin waya ke ci.

Na goge goma, na sa ashirin da huɗu.
Saƙonni suka kwararo
kamar ruwan kwalbati bayan hadarin Agusta,
farashin gero, labarin fara, gaisuwar wani daga Tawa,
na karanta duka ban ko ƙifta ba.
Da kyau. Haka ya kamata.

Na daɗe ina kallon ɗigon da ke ƙyaftawa.
Can Zango wani babur ya wuce.

Na koma. Na rubuta goma.
A ajiye? E.

Mirya, milimita sha biyu.
Dogo, babu.
Takeita, yayyafi.
Allo ya cika rabi ya tsaya cak:
Danna kowane maɓalli don ci gaba.

Kuɗin waya na tafiya, na sani.
Ban danna ba tukuna.
Bari ya gama goge tabarau.