Abin da Kasuwa Ta Ƙi

Buhu huɗu na kai kasuwar Goronyo,
buhu huɗu na dawo da su.
Dillali ya damƙi tonka, ya murza, ya yar,
ya taya kuɗin da ko man injin ban-ruwa ba su biya.
Na ɗaure bakin buhu, na ɗaure nawa.

A zaure Gwaggo Ige ta tare ni,
carbi a wuya, goro a kunci.
Ta tura hannu cikin buhu har gwiwa,
ta ce, "Ta fara zufa. Jibi ta ruɓe.
Mi kaka jira?
Abin da kasuwa ta ƙi, rana na saye."

Muka zazzage a tsakar gida.
Mai tabo gefe, mai ruwa gefe,
wadda tsutsa ta huda, kaji su yi shawara.
Muka bi su da cire hanci ɗaya ɗaya
har farce ya yi kore, yatsu suka kama wuta.
Na manta, na sosa ido.
Abin da na faɗa a lokacin
takarda ba za ta ɗauka ba.

Na hau soro da buhun taki da na farke.
Ta ce, "Sauko da shi.
Abin da za a ci ba ya kwana bisa taki."
Sai tabarmi uku na kaba,
har da wadda nake kwana a kai.
"Baza, kar ka tara," tana faɗa daga ƙasa,
"kowace ta ga rana da idonta."

Ranar garinmu ba ta san ragi ba.
Kafin la'asar sun yi laushi,
kwana uku sun yamutse kamar bayan hannun Gwaggo,
jan nan mai ƙyalli ya koma jan goron da aka tauna.
Da hantsi in juya, da azahar in juya,
magariba in kwashe kafin raɓa ta lasa.

Rana ta huɗu guguwa ta biyo ta bayan gari,
ta naɗe tabarma guda
ta juye a gidan Ɗanjumma tela.
Ya aiko ɗansa da rabin kwano
da saƙon cewa sauran ladan shara ne.

Ran na shida ta ɗauki ƙwaya guda,
ta kai kunne, ta kaɗa.
'Ya'yan ciki suka amsa, caka-caka.
Ta karya, ta ce ƙas.
"To. Ɗauko turmin can,
ba wanda ake daka fura ba."

Muka ɗaure hanci da tsumma.
Ta ɗiga man gyaɗa kaɗan don ƙura ta kwanta,
duk da haka taɓarya uku
atishawa ta tsallaka katanga.
Na ji tela ya tsayar da keke,
na ji akuya ta yi tari kamar tsoho.
Daka, tankaɗe a rariya, mayar da tsaki, a sake.
Hawaye na zuba, ba wanda ya mutu.

Buhu huɗu, wata uku na ban-ruwa,
tashin asuba, bashin iri,
duk suka tattaru a tiya tara
da ɗan saura a gwangwanin madara.
Na tsaya ina kallo.
Ban san wahala tana ƙanƙancewa haka ba.

Ta cika kwalabe, ta toshe, ta kai ƙuryar ɗaki
inda haske ba ya leƙawa.
"Bari ruwa ya sauka," in ji ta,
"mu ga wa zai yi wa wani sallama."

Ban amsa ba. Ina lissafin mai injin
da zai zo ran Laraba.

Da dare ta kwaɗa zogale da ƙuli,
ta barbaɗa da kan yatsu biyu.
Loma ɗaya, zufa ta keto mini a goshi,
ranar kwana shida ta tashi a harshena.
Na kai hannu ga moɗa.
Ta janye ta da ƙafa.
"Kai ka shuka ta," ta ce.
"Tsaya ka ji abin da take faɗa."